Yadda ake kai ɗalibai gandun daji su ga duwatsu da itatuwa da namun dawa da idonsu

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a nan cikin garin Kaduna, na daɗe ina fita da yara irin wannan tafiya, kuma duk shekara sai an samu sabon malami ko malama da za ta zo ta ce malam don Allah ta ina ake farawa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda makarantu da yawa ke kashe kuɗin iyaye a ɗauki bas a je a yi hotuna a ci shinkafa a dawo, ka tambayi yaro me ka gani ya ce biri. Tafiyar da za ta yi amfani ita ce wadda kowane yaro zai je da aikin da zai yi da hannunsa, ya auna wani abu, ya zana wani abu, ya dawo da shi a littafi.

Kayan da za ka tanada

Na kowane yaro: littafin rubutu ƙarami mai bango mai tauri, fensir biyu, rula, gorar ruwa, hula, takalmi mai rufe ƙafa. Fensir na ce ba biro ba, don biro na zuba a zafi kuma in zufa ta taɓa takarda rubutun ya tafi. Silifas kam a bar shi don banɗaki. Kaya masu launin ƙasa ko kaki, dogon hannu, a guji baƙi da shuɗi mai duhu saboda ƙudan tsando su yake bi, kuma cizonsa da zafi ba kaɗan ba.

Na kowane rukuni: madubin ƙara girma, ƙusa babba guda, fasasshiyar kwalba da aka goge bakinta ko ɗan gilashi mai kauri, tef ɗin awo irin na tela, igiya mai tsawon mita 40, sanda mai tsawon mita ɗaya daidai, da ma'aunin zafi daga ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Madubin hangen nesa ko guda biyu ne ku samu a yi karɓa-karɓa. In babu madubin ƙara girma kyamarar waya ma tana yi, a matso da ita kusa da dutsen a ja hoton ya girma.

Naka kai malami: akwatin taimakon gaggawa da bandeji da maganin ciwon kai da gishiri da sukari na gudawa da audugar mata, tocila, usur, fawa bank cike da caji, jarkokin ruwa, ledojin shara, tabarmi da butoci, da jerin sunayen yara da lambobin iyayensu a rubuce a takarda, kwafi biyu. Kar ka dogara da waya wajen wannan, sabis na ɗaukewa a daji.

1. Zaɓen wuri, kuma maganar tsaro ce farko

Namu na gida shi ne gandun Kamuku a Birnin Gwari, kamar kilomita 120 daga Kaduna ta Mando da Buruku. Tun 1936 aka keɓe dajin a zamanin En'e, sai a 1999 ya zama gandun ƙasa a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. A can ne ake da Goron Dutse, da Tsaunin Rema, da faɗuwar ruwa ta Dogon Ruwa, kuma wallahi in don darasin duwatsu ne babu kamarsa a kusa da mu. Amma duk ɗan Kaduna ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa wannan yanki shekara da shekaru. Saboda haka ba a kai 'ya'yan mutane can don an ji wani ya ce ai yanzu lafiya lau. Sai hukumar gandun da kanta ta ce ku zo, jami'an tsaro sun ce hanya ta yi, sannan. In ɗaya daga ciki ya yi ɗan jim kafin ya amsa maka, to ka fasa.

Inda muka fi zuwa yanzu shi ne Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An kafa shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, a 2006 kuma ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Murabba'in kilomita 2,244 ne. Da nisa gaskiya, kwana uku ake bukata, ranar tafiya da ranar aiki da ranar dawowa. Shi ma ka tambayi halin da hanya ke ciki a satin da za ku tashi, ba wata guda kafin nan ba.

Lokaci: rani. Daga Janairu zuwa Maris ya fi, ciyawa ta bushe ido na kaiwa nesa, dabbobi kuma sun taru bakin kogin Gaji saboda ruwa ya ƙafe a sauran wurare. Afrilu an fi ganin dabbobi amma zafin ya yi wa yara yawa. Ka duba kada ya faɗa cikin azumi ko kusa da jarabawa.

2. Takardu

Wannan ba wuya sai dai naci. Wasiƙa daga firinsifal zuwa hukumar gandun da kwanan wata da yawan yara da malamai, izini daga ofishin ilimi da makarantarku ke ƙarƙashinsa, sai fom ɗin amincewar iyaye. A fom ɗin ka sa gurbin da za a rubuta ko yaro na da asma ko sikila ko farfaɗiya ko wani abinci da jikinsa bai so. Ka kira gandun ka tambayi kuɗin shiga na ɗalibai da na masauki da na motar zagaye, ka ce a turo maka a rubuce, kuma tun a wayar ka faɗa musu cewa darasi kuka zo yi, kuna son ɗan rakiya wanda ya san itatuwa da sawun dabbobi. In ba ka faɗa ba za a ɗauke ku kamar sauran 'yan yawon buɗe ido.

Malami ɗaya ga yara goma. In akwai 'yan mata dole a tafi da malamai mata, babu wata magana a nan.

3. Darasin kafin tafiya

Nan ne yawancin mutane ke tsallakewa, kuma nan ne rabin aikin yake. Sati biyu kafin tafiya ka je inda ake gini a unguwarku ka roƙi tsakuwa cikin hannu biyu, irin wadda ake fasawa a kwari, wato wurin fasa dutse, ka ɗebo yashin kogin Kaduna wanda tifa ke kawowa, ka samo marmara 'yar dunƙule, da ɗan yumɓu ko farar ƙasa. Ka baje su a tebur.

Ka ba kowane yaro tsakuwa ɗaya ya duba da madubi. Zai ga abu uku a ciki: wani mai kama da gilashi ko ƙanƙara, wani fari ko ruwan hoda, wani kuma baƙi mai ƙyalli da ke ɓarewa siriri. Wannan dutse shi ne giranait. Mai kama da gilashin shi ne dutsen ƙanƙara, kwaz a littafi, farin ko mai ruwan hodan felsifa, mai ƙyallin kuma maika. Narkakken dutse ne da ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ƙwayoyinsa suka samu lokacin girma har ido ke ganinsu. Irin wanda ke ƙarƙashin Kaduna da Zariya ya kai kimanin shekara miliyan 600.

Sai gwajin tauri. Farce na karce yumɓu da farar ƙasa. Ƙusa ba ta karce dutsen ƙanƙara, shi ne ma zai karce kwalba ya bar layi. Ka bar su su gwada da kansu har su gaji. Kuskuren da yara ke yi shi ne su ga farin layi su ce ya kartu, alhali garin dutsen ne ya shafu, ka ce su goge da yatsa mai ɗan yawu, in layin ya tafi to bai kartu ba.

Daga nan sai ka ɗaura musu zaren labarin da za su bi har Yankari. Ruwan sama da zafi na cin giranait a hankali, felsifa ya ruɓe ya koma yumɓu, ƙanƙara kuwa ba ya ruɓewa sai dai ya farfashe ya zama yashi, ruwa ya kwashe shi zuwa kogi. Su duba yashin da madubi za su ga ƙwayoyin gilashin nan dai da suka gani a tsakuwa. In irin wannan yashi ya taru a kwari shekaru masu yawa, wani kan wani, ya danne ya manne, sai ya sake zama dutse, dutsen yashi, kuma shi ne za su taka a Yankari. Ita kuma marmara, ruwan damina ne ya wanke ƙasa ya tafi da abin da ke narkewa ya bar ƙarfe, shi ya sa take ja kamar tsatsa, in ta sha iska ta taurare.

Ka sa su zuba ƙasa a gorar roba rabi, su cika da ruwa, su girgiza sosai su ajiye a taga. Kafin minti ɗaya yashi ya kwanta a ƙasa, laka mai laushi ta biyo bayansa, yumɓu sai ya kwana kafin ya sauka. Washegari za su ga layi-layi. In sun ga wannan a gora, ranar da suka tsaya gaban bangon dutsen yashi ba sai ka yi dogon bayani ba.

4. Raba aiki

Rukuni huɗu: na duwatsu, na itatuwa, na dabbobi da tsuntsaye, na ruwa da yanayi. Kowane rukuni da shugaba da marubuci da mai riƙon kaya. Kowa zai ga komai, amma kowane rukuni na da abin da zai zo ya faɗa wa saura da daddare. Kar ka bari su zaɓi abokai da kansu, za ka ga masu ƙoƙari sun taru wuri ɗaya, masu surutu wuri ɗaya. Kuma yaron nan da ba ya magana a aji, wanda ya tashi a ƙauye ko yake zuwa hutu wajen kakanni, sa shi a rukunin itatuwa ka ga abin mamaki, sau da yawa ya fi ka sanin sunayensu.

5. Hanya

Ka je tasha da kanka ka ga motar da idonka kwana biyu kafin tafiya, ka duba tayoyi har da safaya da jak. Akwai shekarar da na yarda da maganar wani direba a waya, muka yi faci sau biyu kafin Saminaka, yara suka zauna a rana kusan awa uku. Tun daga ranar ban ƙara biyan kafin alƙalami ban ga mota ba.

Ku tashi da an idar da sallar asuba. Hanyar ita ce Kaduna, Pambegua, Saminaka, Jos, Toro, Bauchi, sai ku ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ku karya zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji, daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiya fiye da kilomita 40 a cikin daji. Tafiyar yini ce, kuma ba a yin ta da dare, in kun ga yamma za ta yi muku ku kwana a Bauchi. Ku sha mai ku sayi ruwa da burodi a Bauchi.

Kar a bar hanyar ta tafi a barci. Ka ce rukunin duwatsu su riƙa rubuta duk inda siffar ƙasa ta canja. Za su ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da duwatsu jefi-jefi bayan an bar Kaduna, sai a fara hawa wajen Jos, iska ta yi sanyi, duwatsu su yi ta hawa kan juna. Giranait ɗin Jos ya fi namu ƙuruciya sosai, kuma a cikinsa ne kuzar da aka daɗe ana haƙa take. Bayan Bauchi kuma in an nufi Yankari duwatsun za su ragu ƙasa ta koma yashi-yashi. Duk inda aka tsaya sallah ko fitsari a ƙirga yara kafin mota ta tashi, da suna, kowa ya amsa.

6. Isowa da dokoki

Kafin kowa ya sauke jaka ka tara su, ɗan rakiya ya yi musu bayani, kai ma ka maimaita. Ba a tsinkar ganye, ba a fasa dutse, ba a ɗaukar komai a fita da shi, ko gashin tsuntsu ne. Ba a kunna wuta. Ba a sauka daga mota sai ɗan rakiya ya ce a sauka. Ba wanda zai je ko'ina shi kaɗai.

Sai gwaggon biri. A sansanin Wikki suna nan da yawa kuma sun saba da mutane, suna buɗe jaka, suna shiga ɗaki in an bar ƙofa ko taga. Wata ɗalibata ta taɓa fitowa da ledar burodi a hannu, kafin ta ankara babban namiji ya fizge, Allah ya sa ta saki ba ta ja da shi ba. Ka gaya musu kar a ci abinci a fili, kar a ba su komai, in ya kama abu a sakar masa. Gadu ma na yawo a sansanin, a bar shi ya wuce abinsa.

Ka koya wa yaran girmama 'yan rakiya. Mutanen nan su ke kwana a daji suna fuskantar mafarauta. A gaishe su, a ce baba ko yallaɓai, in suna magana a yi shiru.

7. Aikin duwatsu

A duk tsayawa, marubuci ya fara rubuta sunan wuri da lokaci. Sai tambayoyi biyar da nake ba su: wane launi ne, ƙwayoyinsa manya ne ko ƙanana, a jere suke layi-layi ko a cakuɗe, in an shafa da yatsa yana zubar da yashi, sannan me ke tsiro a kansa. A zana abin da aka gani, a ɗauki hoto da rula ko fensir a gefe don a san girman abin. Hoto babu ma'auni a gefe ba ya gaya wa kowa komai.

A Yankari ka nemi a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 ne da mutanen dā suka sassaƙa a jikin bangon dutsen yashi, an sa musu sunan Baturen da ya ba da labarinsu a 1980. Ka tsayar da yara a nan ka tambaye su me ya sa aka iya fafe ɗaki a wannan dutse amma ba wanda ya fafe ɗaki a dutsen giranait na Kufena da ke Zariya. Ka yi shiru ka jira. Wani zai tuna tsakuwa da ƙusa ya ce ai wannan yashi ne ya manne, wancan kuma narkakken dutse ne. In amsar ta fito daga bakinsu ba za ta bar kansu ba. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey sama da ɗari, da tsofaffin matoyan narka tama, waɗanda ke nuna cewa mutane sun zauna a dajin nan kuma sun san dutsen da ke da ƙarfe tun kafin zuwan Bature. Ka tambaya tun da wuri wanne ne hanyarsa ke biyuwa, kada ka yi wa yara alkawarin wurin da mota ba za ta kai ba.

In Allah ya kawo lafiya aka koma Kamuku, darasin can daban ne. Goron Dutse ƙaton dutse ne mai santsi da ya tsaya shi kaɗai a fili, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta ruɓe ruwa ya kwashe, shi ya fi tauri ya rage. Za ka ga bayansa na ɓarewa falle-falle kamar albasa. Tsaunin Rema kuwa manyan duwatsu ne a kan juna, ruwa ya bi tsagogi ya cinye kusurwoyi suka zama mulmulallu, remaye suka samu gida a tsakani. Yankin Birnin Gwari na da wani dutse mai shafi-shafi da jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara a cikinsa, a irin waɗannan jijiyoyi ne zinaren da ake haƙa a can yake.

Gargaɗi: kar yaro ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kunama da maciji nan suke fakewa. Kar a hau falalen dutse in da raɓa ko ruwa.

8. Aikin itatuwa

Da igiyar nan ta mita 40 a kewaye fili mita 10 kowane gefe, a inda ɗan rakiya ya yarda. A ƙirga duk itacen da ke ciki, a rubuta sunansa da Hausa, a auna kaurinsa da tef daidai ƙirjin babban mutum. A yi ɗaya a tudu, a sake yin ɗaya kusa da ruwa, a gwama. Za su ga na bakin ruwa sun fi tsawo da duhu, na tudu gajeru ne masu kaurin ɓawo saboda gobarar daji da fari.

Tsawon itace da inuwa ake aunawa. A kafa sandar mita ɗaya a auna inuwarta, a auna inuwar itacen, a raba ta itacen da ta sandar. In inuwar sanda rabin mita ce ta itace mita 6, tsawonsa mita 12 ke nan. A yi awon biyu a lokaci ɗaya, don in an ɓata rabin awa inuwa ta matsa. Da tsakar rana ba ya yiwuwa, sai hantsi ko la'asar.

Sunayen Hausa nake sa su fara riƙewa, na kimiyya ya biyo baya in mun dawo. Kuka, kirya, marke, taura, maje, baushe, ɗorawa, kaɗanya, giginya, tsamiya. A Kamuku doka ce ta fi yawa. Kowane itace a tambayi ɗan rakiya amfaninsa da kuma dabbar da ke cinsa. Yaran Kaduna sun san gawayi a buhu a bakin titi, da yawa ba su taɓa ganin kirya a tsaye ba, kuma na sha ganin yaro ya yi shiru da aka ce masa wannan itacen da ya fi kakansa shekaru shi ne ake sarewa a ƙona.

9. Zagayen ganin dabbobi

Ku ɗauki fitar sassafe, in da hali ku ƙara ta yamma. Ka gaya musu tun a makaranta cewa nan ba gidan zu ba ne, babu tabbacin ganin giwa balle zaki. Yankari na da ɗaya daga cikin manyan garken giwaye da suka rage a Najeriya, amma daji ne mai faɗi, ni kaina na sha zuwa ban gan su ba. Abin da aka fi gani shi ne gwambaza, mazo, gadu, ɓauna, gwanki, kanki, jan biri, wani lokaci dorina da kada. Tsuntsaye sun haura iri 350.

Shi ya sa rukunin dabbobi ba ganin dabba kaɗai ne aikinsu ba. Su rubuta sawu, kashi, itacen da aka karya ko aka saɓule wa ɓawo, gidan gara, kuka da suka ji. Sawu a auna tsawo da faɗi a zana. Kashin giwa in an samu, ɗan rakiya ya tona da sanda su ga ƙwallayen 'ya'yan itatuwa a ciki, su gane yadda giwa ke shuka daji da tafiyarta. Duk abin da aka gani a rubuta lokaci da yawansa da abin da yake yi. Tsuntsun da ba a san sunansa ba a rubuta girmansa in an gwada da kurciya ko hankaka, da launin baki da ƙafa.

Babban abin da ke ɓata wannan fita surutu ne. A kashe ƙarar waya, babu ihu, babu tsayuwa a mota tana tafiya. In an ga abu a nuna da hannu.

10. Ruwan Wikki

Wannan shi yara ke jira, to ka sa su yi aiki kafin su shiga. Ruwan na fitowa ne daga ƙarƙashin bangon dutsen yashi, garai-garai har ana ganin ƙasansa, kimanin lita miliyan 21 kullum, ya gangara zuwa kogin Gaji. Rukunin ruwa su auna zafinsa da asuba da azahar da bayan magariba, su auna na iska a lokaci guda. Na iska zai yi ta hawa da sauka, musamman da hunturu, na ruwan kuwa zai tsaya wajen digiri 31. Ka tambaye su dalili. Ruwan sama ne ya nutse ta cikin dutsen yashi, wanda ke shan ruwa kamar soso, ya kai can ƙasa inda ke da ɗumi, sannan ya samu hanya ya fito, rana ba ta da hannu a ɗuminsa. Ma'aunin a bar shi cikin ruwa minti biyu, a karanta yana ciki.

Wanka kuma maza daban mata daban, lokaci daban, da malami a bakin ruwa yana ƙirga kawuna. Kusa da bakin dutsen akwai zurfin da ya fi tsawon yaro, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya ta ƙasa inda ba zurfi. Babu sabulu. Kaya da abinci kar a ajiye a bakin ruwa ba mai tsaro saboda birai.

11. Zaman dare

Bayan isha'i da abinci kowane rukuni ya tashi ya faɗi abin da ya samu, minti goma-goma, sauran su yi tambaya. Kar ka ɗaga wannan zuwa makaranta, abin da ba a faɗa a daren ba rabinsa ya zube a hanya. Ka bi littattafan ɗaya bayan ɗaya ka sa hannu. Akwai ɗan gidan tarihi a sansanin da fatu da ƙasusuwa da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace hannun mafarauta, ku shiga da safe kafin ku kama hanya.

In kuɗi ko tsaro bai bari an je ko'ina ba

Ba a fasa darasin. Dutsen Kufena a Zariya tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, kuma duk abin da na faɗa kan Goron Dutse za a gani a can, ga ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa. A cikin gari ma, da rani in ruwan kogin Kaduna ya ja baya duwatsu na fitowa ta wajen Gamji, ana ganin masu ratsin fari da baƙi da suka lanƙwashe, ga yashi ga laka ga tsuntsayen bakin ruwa. Awon inuwa da ƙirgar itatuwa kuwa ko a harabar makaranta ana yi, da darbejiya da mangwaro.

12. Bayan an dawo

Cikin sati guda kowane rukuni ya juya abin da ke littafinsa zuwa kwali babba, da zane da lissafi da hotuna biyu ko uku da aka wanke, a manna a bangon aji kusa da gorar ƙasar nan da tsakuwa da yashi da marmara. A kira 'yan ajin da ke ƙasa su zo su gani, waɗanda suka je su yi musu bayani da kansu. A tura wa iyaye hotunan aikin a gurup na WhatsApp tare da lissafin kuɗin da aka kashe har kwabo, in canji ya rage a mayar. Yara su rubuta wasiƙar godiya ga 'yan rakiya su sa hannu gaba ɗaya a aika. Littattafai biyu ko uku da suka fi kyau ka roƙi masu su ka ajiye a ofis, da su za ka fara darasin 'yan shekara mai zuwa, su gwama zafin ruwan Wikki da kaurin itatuwan da aka auna da nasu awon.